Zaurukan WhatsApp da Ƙara wa Juna Sani Tsakanin Malaman Firamare a Anka, Gummi da Bukkuyum

Tsakure

Maƙalar ta dubi gudummawar zaurukan WhatsApp wajen horar da malamai a yammacin Zamfara. Hujjarta ita ce zaurukan sun toshe giɓin da rashin tsaro ya haifar, amma sun dogara ga sabis ɗin da ba ya hannun malami.

Gabatarwa

Horar da malami a bakin aiki, ko na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ko na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, an gina shi ne a kan taron bita: a kira malamai Gusau ko hedikwatar ƙaramar hukuma, a yi kwanaki, a watse. Tsarin yana buƙatar hanya mai lafiya. Malamin da ke Bagega ko Nasarawar Burkullu kuwa sai ya yi lissafin 'yan bindiga kafin ya hau babur.

An ɗora nazarin a kan ra'in Jean Lave da Etienne Wenger na 1991, wanda ya nuna cewa sabon shiga yana ƙwarewa ne ta cuɗanya da tsofaffin hannu.

Abin da ke gudana a zaure

Sabon malami ya ɗauki hoton tsarin darasinsa ya tura. Hedimastan da ya daɗe da alli ya mayar masa da saƙon murya da Hausa: "Malam, manufarka ta yi faɗi, rage ta." Nan ake yaɗa tsofaffin tambayoyin jarrabawar hukumar rajistar malamai, wadda ake yi a kwamfuta, da sanarwar tantancewa, da cigiyar albashi. Saƙon murya ya fi muhimmanci a ganina, domin yana cire wa malamin da Ingilishinsa bai nuna ba kunyar tambaya.

Akwai kuma ilimin da babu shi a manhajar kwaleji. Gubar dalma ta 2010 ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma dalma tana raunana fahimtar waɗanda suka rayu. Yadda za a bi da irin wannan ɗalibi, malamin Dareta ko 'Yargalma da ya zauna da shi a aji ne zai faɗa wa ɗan'uwansa.

Rauni

A Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka kuma katse layukan sadarwa a faɗin jihar. Lokacin da malamai suka fi buƙatar juna, zaurukan suka yi tsit na makonni.

Ko da sabis, data da caji daga aljihun malami suke fita, kuma ba mai tace abin da aka turo. Amsar lissafi mai kuskure tana iya zagaya makarantu da dama. Dokar ta-ɓaci a fannin ilimi da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a Nuwambar 2023 dama ce: a sa ƙwararren malami ɗaya daga Kwalejin Ilimi ta Maru a kowane zaure, a kuma buga darussan da aka tace a takarda, a ajiye a ofishin sakataren ilimi na Gummi, Anka da Bukkuyum.