Wuƙa na Nan, Mai Riƙe Nama ne Babu

A 1969 aka gano cewa jarirai masu cutar Tay-Sachs ba su da sinadarin hexosaminidase A, mai farfasa kitsen GM2 a lisosom, wato ɗakin narkar da sharar ƙwayar halitta. Sai ga wasu jarirai sinadarinsu lafiya lau, amma kitsen na taruwa a ƙwaƙwalwarsu har ajali.

A 1978 Conzelmann da Sandhoff, a Jamus, suka gano bakin zaren: wani ƙaramin furotin ne babu. Shi ke zaro kitsen ya miƙa wa sinadarin, tamkar yaron mahauci mai riƙe nama. Da aka auna, kowanne ƙwayar kitse ɗaya tak yake ɗauka. Siffarsa, da aka fitar a 2000, ta ƙoƙo ce. Cikin raminsa wutsiyar kitsen ke kwanciya.