Gizo, Ananse da Yaran Zango: Wa Ke Fitowa a Katun ɗin Accra?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Nima ko lungunan Maamobi ya san cewa zango tukunya ce mai haɗa kabilu. Ga Bahaushe da Bafillace, ga Bazabarme da Bayarabe, ga Mosi, Dagomba, Kotokoli da Wangara, kuma Hausa ce igiyar da ta ɗaure su a ciniki da makarantar allo. Tun farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Futa ya sami filin kiwo daga mutanen Osu, Nima take karɓar baƙi har ta zama gari a cikin gari. Tambayarmu a yau ita ce: yaushe yaron wannan unguwa ya ga kamanninsa a zane mai motsi?

Muryarmu ta riga fuskarmu shiga kafafen gwamnati. Rediyon Ghana, wanda ya samo asali daga tashar ZOY ta 1935, ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Da aka buɗe talabijin a 1965, shirye-shiryen yara sun tafi ne da Turanci da al'adun kudu. Shiri mafi farin jini, By the Fireside, wanda Grace Omaboe, wato Maame Dokono, ta yi suna da shi, ya ginu a kan labaran Kwaku Ananse. Yaranmu sun kalla sun yi dariya, domin Ananse ba baƙo ba ne a wurinsu: gizo-gizo ne mai wayo da haɗama, tamkar mijin Ƙoƙi da kakanni ke ba da labarinsa bayan sallar isha. Sai dai Gizon namu bai hau allo ba, alhali a wannan ƙasa aka rubuta shi. Littafin tatsuniyoyin Hausa da Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a Gold Coast.

Daga nan katun ɗin waje suka cika gidaje, musamman bayan buɗe tashoshi masu zaman kansu irin su TV3 a 1997. A Captain Planet, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1990, yaron da ke wakiltar Afirka sunansa Kwame, sunan Akan na wanda aka haifa ran Asabar. Abin alfahari ne ga Ghana, amma nahiya sukutum aka dunƙule a mutum ɗaya, Ɗan'asabe kuwa ko labarinsa babu. Musulmi da aka fi gani su ne na Aladdin na 1992, fim ɗin da Larabawan Amurka suka yi ƙorafi a kansa har Disney ta sauya wasu kalmomi a waƙar buɗewa. Yaro mai zuwa makarantar allo da safe, ya dawo ya tarar an nuna masu rawani da takubba a matsayin mugaye, me zai ɗauka game da kansa?

Sauyi ya fara tahowa daga cikin nahiyar. A 2010 Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a Abuja, yara biyu baƙar fata a gidan Najeriya. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya ya juya Akili and Me zuwa Hausa, tashar Arewa24 ta Kano ta nuna shi. A 2023 Netflix ta saki Supa Team 4 na Malenga Mulendema, labarin 'yan mata huɗu a Lusaka, a 2024 kuma Disney da Kugali suka kawo Iwájú wanda aka gina a Legas. Duk da haka, Hausar Kano a bakin katun ba ita ce Hausar Nima ba, wadda ta sha ruwan Twi da Ga da Turanci. Har yanzu da wuya ka ga mai sayar da koko da ƙosai, ko mai waake a bakin titi, ko hawan sarakunan zango ranar Sallah, a zanen da aka yi wa yara.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kayan aiki ba su yi mana nisa ba. Makarantar NAFTI da aka kafa a 1978 a nan Accra ta daɗe tana koyar da zane mai motsi, Nima ta haifi masu zane irin su Moh Awudu da bangayen birni suka san hannunsa, akwai kuma Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai zane da tsohuwar da ta haddace tatsuniya, kafin ta tafi da ita kushewa.

Wace tatsuniya kuka ji a zangonku da kuke so jikokinku su gani a allo? Ku faɗa mana sunanta da unguwar da kuka ji ta.