Ol Pejeta: Garken Shanun Da Ya Koma Mafakar Karkanda

Jama'a, a ƙasar Kenya, yankin Laikipia kusa da garin Nanyuki, akwai wani gandun daji mai suna Ol Pejeta, faɗinsa eka 90,000. Ba na gwamnati ba ne. Asalinsa wurin kiwon shanu ne na Turawan mulkin mallaka, daga baya ya yi ta sauya hannu, har attajirin nan na Saudiyya, Adnan Khashoggi, ya taɓa mallakarsa.

To, me ya kawo namun daji cikin zancen? Kasuwar ƙaho ce. A 1970 baƙar karkanda a Kenya ta kai 20,000, amma mafarauta suka yi mata ca saboda tsadar ƙahonta a Yaman da ƙasashen Asiya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ko 400 ba su cika ba. Shi ya sa a 1988 kamfanin Lonrho, mai wurin a lokacin, ya ware wani ɓangare ya killace don karkanda. A 1993 aka ƙara da mafakar birran cimfanzi marayu. A 2004 ƙungiyar Fauna and Flora International ta Ingila ta saye wurin, aka mai da shi gandun daji gaba ɗaya.

Amma fa ba a kori shanun ba. Da rana suna kiwo tare da jakunan dawa da ɓauna, da dare a kulle su a shinge saboda zaki. Kuɗin naman da na 'yan yawon buɗe ido ne ake biyan masu gadi da su, ana kuma taimaka wa makarantu da asibitocin ƙauyukan kewaye, don maƙwabcin da ke cin moriya ba ya ɓoye ɓarawo.

Abin tausayin shi ne farar karkanda ta arewa. A Disamba 2009 aka kawo huɗu daga gidan namun daji na ƙasar Cek, ko za su haihu. Ba su haihu ba. Namijin ƙarshe, mai suna Sudan, ya mutu ran 19 ga Maris 2018 yana da shekara 45. Saura mata biyu kacal a duk duniya, Najin da 'yarta Fatu, masu bindiga na gadinsu dare da rana. Tun 2019 likitoci ke ɗibar ƙwan Fatu suna haɗawa da maniyyin mazan da aka adana, da fatan wata karkandar kudu ta ɗauki cikin. Allah Ya sa a dace.