Tarihin Man Yuriya: Daga Fitsari Zuwa Maganin Faso

Gabatarwa

Duk wanda ya yi hunturu a Abuja ya san yadda iskarsa take busar da fata, ta tsattsaga dunduniya. Tun kaka da kakanni Bahaushe yana yaƙar kaushi da faso da man kaɗanya da dutsen goge ƙafa. A yau kuwa likitoci sukan rubuta wa mutum man shafawa mai yuriya, wato sinadarin nan da manoma suka sani a matsayin taki. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda abin ƙyama ya zama magani.

Asalinsa

A cikin fitsari aka fara gano yuriya. Masanin Holan, Herman Boerhaave, ya tace ta a wajajen 1727, sannan Hilaire Rouelle na Faransa ya sake fitar da ita a 1773. A lokacin masana da dama sun ɗauka jikin mai rai kaɗai ke iya samar da irin wannan sinadari. A shekarar 1828 Friedrich Wöhler na Jamus ya haɗa ta a ɗakin bincike, ba tare da ƙodar mutum ko ta dabba ba. Yuriyar da ke cikin man shafawa a yau haɗin masana'anta ce, babu fitsari a cikinta.

Shigarta Likitanci

Fatar ɗan'adam tana da yuriya tata, wadda ke riƙe mata danshi. A 1968 Gunnar Swanbeck na Suwidin ya nuna cewa man yuriya yana tausasa fatar masu cutar da ke sa jiki ɓamɓaroki kamar na kifi. A 1978 kuma likitoci biyu a Amurka, Farber da South, suka bayyana yadda ake cire farcen da ya lalace ba tare da wuƙa ba.

Sirrin yana ga ƙarfin haɗin. Mai kashi 10 cikin ɗari yana jiƙa busasshiyar fata. Mai kashi 20 zuwa 30 yana narkar da kaushi. Mai kashi 40 kuwa, idan aka ɗaure shi a kan farce na 'yan kwanaki, sai farcen ya yi laushi a kankare shi.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar ma da ƙa'ida ake sha. Mai ƙarfin yana yi wa lafiyayyar fata raɗaɗi, kuma ba a shafa shi a buɗaɗɗen rauni. Mai ciwon suga, wanda faso kan iya zame masa gyambo, ya nemi likita tukuna. Takin gona kuma na gona ne. Mai saye ya duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, mai hedikwata a nan Abuja.