Mamman Nasir: Daga Zauren Majalisa zuwa Rawanin Galadima

Duk mai nazarin yadda shari'a ta fita daga fadar sarakuna ta koma hannun gwamnati a Arewacin Nijeriya, zai yi kyau ya bi sawun Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina. An haife shi a 1929, ɗan gidan da sarautar Galadima take, wato sarautar da ke riƙe da ƙasar Malumfashi, mai riƙe da ita kuma yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya tafi Landan, ya zama lauya a Lincoln's Inn a 1955, lokacin da lauyoyi 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba. Da ya dawo ya kama aikin lauyan gwamnati.

A 1961 Sardauna ya naɗa shi Ministan Shari'a na Jihar Arewa, kuma a tsarin wancan zamani minista ɗan majalisa ne, dole ya tsaya a zauren Lugard Hall da ke Kaduna ya kare aikin ma'aikatarsa. Aikin kuwa mai nauyi ne. Kwamitin masana na 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, ya ba da shawarar da ta haifar da kundin Final Kot, wanda ya fara aiki a 1960. Alƙalin da ya girma da Risala da Mukhtasar sai ga shi an miƙa masa littafi mai sassa da lambobi, an ce da shi zai yi hukuncin laifuffuka. Malamai da dama ba su ji daɗi ba, sarakuna kuma sun fahimci cewa abin da ake tsakura daga ikonsu ne. A ganina, dabara ce Sardauna ya yi da ya ɗora wannan kaya a kan ɗan sarauta mai ilimin lauya: fada ba za ta kira shi bare ba, Turawan ma'aikata kuma ba za su raina shi ba.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya rushe majalisar. Nasir ya koma aikin lauyan gwamnati, ya hau Kotun Ƙoli a 1975, sannan ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978, bayan rasuwar Dan Ibekwe, har zuwa 1992. A tsakanin nan gwamnatin soja ta Hassan Usman Katsina, shi ma ɗan sarki, ta soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin jiha.

A 1992 Sarki Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadima. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana warware hukuncin manyan kotuna ya zauna a Malumfashi a matsayin hakimi, ba shi da ikon ɗaure kowa, sai sulhun gona da na gado. A kan wannan karaga ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 2019.