Tarihin Wake da Bambancin Abin da Ke Cikin Ƙwayarsa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa wake ba iri ɗaya ba ne. A kasuwa akan rarrabe fari da ja, da manya da ƙanana. A gona kuma manomi yakan rarrabe mai nuna da wuri da mai jinkiri, da wanda ake shukawa don ƙwaya da wanda ake shukawa don harawa. Shi ya sa aka sami sunaye irin su kanannado da ɗan ila. To, amma akwai wani bambanci da ido ba ya gani, wato yawan abin gina jiki da ma'adinan da ke cikin ƙwayar. Tarihin yadda aka gano wannan bambanci ya cancanci a tsaya a dube shi.

Wake ɗan asalin Afirka ne. Masu tonon kayan tarihi sun sami ƙwayoyinsa a yankin Kintampo, a tsakiyar ƙasar Gana, waɗanda suka haura shekara 3,500. Daga Afirka ya kai Indiya da ƙasashen Bahar Rum, daga baya kuma cinikin bayi ya ƙetarar da shi zuwa Amurka. Har yau a Bahiya ta ƙasar Birazil ana toya ƙosai, ana kiransa da sunan da ya samo asali daga Yarabanci. A Gana kuwa, sunan da ake kiran dafa-dukar shinkafa da wake daga kalmar Hausa ya fito. A tsawon waɗannan ƙarnuka manoma ne suka yi ta zaɓen iri, kowace ƙasa da irin da ya dace da ruwanta da turɓayarta, har iri-irin wake suka yawaita.

A zamanin mulkin mallaka wake bai sami kulawa sosai ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hankalin hukuma ya koma kan gyaɗa da auduga, domin su ake fitarwa waje. Wake kuwa sai aka bar shi a tsakanin kunyoyin gero da dawa, a matsayin cimar talaka. Abin da ya fara jawo hankalin masana gare shi shi ne lafiyar yara. A 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wata cutar yara da ta gani a Gana, wadda aka sani da kwashoko, ta kuma danganta ta da ƙarancin abinci mai gina jiki. Daga nan har zuwa shekarun 1960, furotin ya zama abin da masana abinci suka fi damuwa da shi.

Nan ne darajar wake ta fito fili. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, wato ya ninka abin da ke cikin dawa. Bugu da ƙari, yana da wani sinadari mai suna laisin wanda ya yi ƙaranci a hatsi, shi kuma hatsi yana cike wani giɓi da ke cikin wake. Ashe ke nan matan da suka haɗa wake da shinkafa, ko ƙosai da koko, sun riga masana kaiwa ga wannan hikima.

Bincike mai zurfi ya kankama ne bayan samun mulkin kai. Tashar Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1967 kuma aka kafa cibiyar IITA a Ibadan, wadda ta tara iri-irin wake kimanin 15,000 daga ƙasashe da dama. Sai dai a farkon lamari abin da aka fi nema shi ne yawan amfani, da saurin nuna, da jure wa ƙwari da wuta-wuta. Abin da ke cikin ƙwaya bai zo gaba ba sai da aka fahimci cewa mutum yana iya ƙoshi amma jininsa ya yi ƙaranci don rashin sinadarin ƙarfe, ko yaro ya tsumbure don rashin sinadarin zinki.

A 2011 Dokta Ousmane Boukar da abokan aikinsa na IITA suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa iri 1,541. Sun tarar furotin ya kama daga kashi 17.5 zuwa 32.5 cikin 100. Sinadarin ƙarfe ya kama daga kimanin miligiram 34 zuwa 80 a kowane kilo, zinki kuma daga 22 zuwa 58. Ma'ana, mudu biyu na wake suna iya zama kafaɗa da kafaɗa a kasuwa, farashi ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya wajen amfanin jiki. Ya kamata a lura cewa ba iri kaɗai ke kawo wannan ba. Ƙasar da aka shuka shi tana da nata tasiri, haka ma yadda aka jiƙa shi da yadda aka dafa shi.

Wannan tarihi yana da darasi ga ɗalibai da ma'aikatan hukuma. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, don haka irin da aka raba wa manomi a yau shi zai shiga tukunyar miliyoyin mutane gobe. Idan yawan buhuna kaɗai aka duba, ana iya cika rumbu a bar yara da ramar jiki. Haka kuma, duk tsohon irin da ya ɓace daga hannun manoma, ya tafi da abin da ke cikinsa, mai yiwuwa tun ba a auna shi ba. Saboda haka wajibi ne a riƙa tambayar abin da ke cikin ƙwaya kafin a yaɗa sabon iri, a kuma adana na gargajiya yadda ake adana littattafan tarihi, domin su ma gadon kakanni ne.