Auren mace fiye da ɗaya a mahangar masana halitta

A garuruwan Gobir na gabashin jihar Sakkwato, kamar Sabon Birni da Isa da Kurawa, har zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ba abin mamaki ba ne magidanci ya kasance da mata biyu ko uku.

Wani rahoto da cibiyar bincike ta Pew ta fitar a shekarar 2019 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na al'ummar Najeriya suna zaune ne a irin waɗannan gidaje, a Nijar kuwa kashi 29.

Sau da dama akan ji maza na cewa haka aka halicce su. Masana kimiyya sun daɗe suna muhawara a kan wannan magana.

Asalin ra'ayin

Charles Darwin ne ya fara gabatar da batun a shekarar 1871, cikin ƙa'idarsa ta sauyawar halittu, wadda malaman addini da dama ba su yarda da ita ba dangane da asalin ɗan Adam.

A 1972, wani masani ɗan Amurka, Robert Trivers, ya ce tushen bambancin shi ne ɗawainiyar haihuwa. Mace na ɗaukar ciki wata tara, ta kuma yi goyo, don haka 'ya'yan da za ta iya haifa ƙididdigaggu ne. Namiji kuwa zuriyarsa na ƙaruwa gwargwadon yawan matansa.

Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, mace ta fi tsantseni wajen zaɓen miji.

Binciken da David Buss ya wallafa a 1989 kan al'ummomi 37, ciki har da Najeriya, ya gano cewa mata sun fi maza damuwa da wadatar wanda za su aura, maza kuma sun fi son ƙuruciya.

Suka

To sai dai ba duka masana suka gamsu ba. Masaniyar tattalin arziki, Ester Boserup, ta danganta yawan kishiyoyi a Afirka da buƙatar hannuwa a gona. Wasu kuma na cewa inda mace ba ta da abin hannunta, tilas ta dubi dukiyar miji, ba sai an kai ga halitta ba.

Haka kuma binciken Beverly Strassmann tsakanin ƙabilar Dogon a Mali ya nuna cewa mutuwar ƙananan yara ta fi yawa a gidajen da ke da kishiyoyi.

Hatta masu goyon bayan Trivers sun yarda cewa bayanin asalin ɗabi'a ba hujja ba ce ta aikata ta.

A ƙasar Gobir, inda akasarin jama'a Musulmi ne, shari'a ce ta shata iyaka: mata huɗu, bisa sharaɗin adalci da iya ɗaukar nauyin ci da sha da sutura da muhalli.